Yadda Ake Saƙa Safa Ta Sayarwa da Yadda Ake Tattalin Zare

Safar da ake tallarta a baro a bakin kasuwa inji ne ya saƙa ta, kuma babu mai saƙar hannu da za ta iya karya farashinta. Tun kafin ki ɗauki tsinke ki cire wannan gasar daga ranki. Abin da za ki sayar shi ne abin da inji bai damu da shi ba: safar jariri mai laushi wadda ba ta suɓucewa, safa mai kauri ta dattijon da ke fita sallar Asuba cikin hunturu, safar da aka auna ƙafar mai ita kafin a saƙa. Masu neman irin wannan suna nan kuma suna biya. Sai dai ribar sana'ar a jikin zare take, a nan kuma take zurarewa idan ba a auna ba, ba a rubuta ba.

Na ɗauka kin iya ɗora zare a tsinke, kin iya saƙar gaba da saƙar baya. Idan ba ki iya ba, fara da hular jariri tukuna. Kowane madauki da ke kan tsinke zan kira shi ido, kada ki rikita shi da idon sawu.

Kayan aiki

Tsinken saƙa guda biyar gajeru, masu tsini ta kai biyu, kauri milimita 3. Da su ake saƙa a zagaye, safa ta fito ba ɗinki a jikinta. Idan ba ki samu ba, tsinken tsire na gora yana aiki: zaɓi biyar masu kauri ɗaya, ki yanke su su kai santimita 18, ki fiƙe ɗaya kan, ki goge su da samfefa mai laushi har sai kin shafa su a leɓenki ba ki ji kaushi ba, sannan ki murza musu kyandir. Kwarashi ma ki ajiye ɗaya kusa, don kamo idon da ya zame.

Sai tef ɗin awo na tela, almakashi, allura mai faɗin kafa marar tsini, littafi da biro, da ƙaramin sikeli mai batir da ke nuna giram. Wannan sikelin kada ki ce sai an samu hali. Shi ne zai gaya miki ko kina cin riba ko kina yi wa mutane aikin sadaka ba da niyya ba.

Zare kuma sai an tsaya a kansa. Yawancin abin da ake kira ulu a kasuwanninmu ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne, wato akirilik. Yana da sauƙin kuɗi, yana jure wanki, asu ba ya cinsa, amma dunduniyarsa tana saurin hujewa kuma yana sa gumi. Zaren safa na ainihi da ake shigowa da shi, galibi kashi 75 cikin 100 ulu ne, kashi 25 nailan, nailan ɗin ne ke ba shi ƙarko. Zaren auduga zalla ba ya komawa idan ya miƙe, safarsa kan sauko ta taru a idon sawu, don haka ban ba ki shawararsa ba. Idan mai shago ya ce miki ulu ne kuma babu takarda a jiki, yanki ɗan guntu ki kai shi bakin ashana. Ulu na gaske yana ƙauri irin na gashi, wutar ta mutu da kanta, ya bar tokar da ke marmashewa a yatsa. Na roba narkewa yake ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri.

Lissafin da ke tafe na zare ne mai matsakaicin kauri, irin wanda aka fi saƙa kayan jarirai da shi.

1. Gwaji da awo

Ɗora ido 30 ki saƙa ɗan ƙyalle mai tsawon santimita 6 ko 7, ki shimfiɗa shi ba tare da ja ba, ki ƙirga ido nawa ne a cikin santimita 10. Ana son 24, ko kusa da haka. Saƙar safa tana son matsewa fiye da ta riga, domin saƙa mai sako-sako tana cin tafin ƙafa kuma ba ta daɗewa. In kin samu 20, tsinkenki ya yi kauri ko hannunki ya yi sake.

Auna kewayen ƙafa a wurin da ta fi faɗi, daidai gindin yatsu. Cire kashi ɗaya cikin goma, saboda safa sai ta ɗan gaza ƙafa sannan take kama ta. Ƙafar mace mai kewayen santimita 22 ta koma 20, ido 24 a kowace santimita 10, ya ba ki ido 48. Kullum ki kai adadin ga lambar da huɗu ke rabawa. Da wannan zaren, jariri sabon haihuwa ido 24, yaro ɗan shekara biyar wajen 36, mace 48, namiji 52 ko 56. Tsawon ƙafa kuma daga dunduniya zuwa babban yatsa ake aunawa, mutum yana tsaye. In ta waya aka yi odar, tambayi lambar takalmi: mai sa 38 ƙafarsa wajen santimita 24 ce, mai sa 42 wajen 26 da rabi.

2. Baki

Haɗa tsinke biyu wuri ɗaya ki ɗora ido 48 a kansu, sannan ki zare ɗaya. Wannan dabarar ce ke hana bakin safa ƙin wuce dunduniya, wanda shi ne laifin da ya fi yawa a safar 'yan koyo. Raba idon a tsinke huɗu, 12 kowanne, na biyar shi ne na aiki. Kafin ki haɗa zagayen, ajiye su a tabarma ki duba cewa gindin kowane ido yana kallon ciki. In ya murɗe a nan, babu gyara sai warwara.

Yi gaba biyu, baya biyu, har santimita 5. Wannan ce robar da ke riƙe safa a ƙwauri. Idon farko da na biyu na kowane tsinke ki ɗan ja zaren da ƙarfi, in ba haka ba wata tsaga mai kama da tsani za ta sauko a mahaɗar tsinkayen.

3. Ƙwauri

Saƙar gaba zalla, zagaye bayan zagaye, har santimita 12 zuwa 15 daga baki. Rubuta yawan zagayen da kika yi. Kada ki dogara da tef wajen ƙafa ta biyu, domin saƙa tana miƙewa a hannu, tef zai yaudare ki.

4. Bayan dunduniya

Tattara ido 24 a tsinke ɗaya, ki bar sauran 24 suna jira. Yanzu kai da komowa za ki yi, ba zagaye ba. A layin fuska, wato lokacin da gefen waje na safar ke kallonki, ɗauke ido ɗaya zuwa tsinken dama ba tare da kin saƙa shi ba, ki saƙa na gaba, ki ɗauke, ki saƙa, har ƙarshe. A layin ciki, ɗauke na farko kawai, sauran duk saƙar baya. Yi layi 24. Za ki ga wurin ya yi kauri ninki biyu, kuma gefe da gefe an samu sarƙa mai ɗiya 12. Za mu dawo kanta.

Idan da zaren roba kike aiki, haɗa shi da zaren keken ɗinki mai ƙarfi, launi ɗaya, ki saƙa su tare a dunduniya da kan yatsu. Ba ya nunawa, kuma yana ƙara wa safar kwana sosai.

5. Juya dunduniya

Nan ne mutane ke tsorata su ajiye aikin a kwando har sanyi ya wuce. Ki bi lissafin kawai, ko da ba ki ga inda ya dosa ba, a layi na huɗu za ki ga ƙoƙon dunduniya yana fitowa a hannunki.

Layin fuska: ɗauke ɗaya, saƙa 13, haɗe biyu ta bayan ido, saƙa ɗaya, ki juya aikin ki bar ido 7 ba ki taɓa ba. Layin ciki: ɗauke ɗaya, saƙar baya 5, haɗe biyu da saƙar baya, ƙara ɗaya, ki juya. Nan ma 7 suka rage. Duba da kyau, za ki ga ɗan giɓi a kowane gefe, tsakanin waɗanda kika saƙa da masu jira. Daga nan ba sai kin ƙirga ba: ɗauke na farko, saƙa har saura ido ɗaya kafin giɓin, haɗe shi da na bayan giɓin, ƙara ɗaya, juya. Haka a fuska, haka a ciki. A layi biyu na ƙarshe babu idon ƙari, haɗewa kawai za ki yi ki juya. Ido 14 za su rage. In kin ga 15 ko 13, warware layukan nan ki sake, ba su da yawa, kuma mai saye da dunduniya yake fara duba aiki.

6. Haɗe gefuna

Saƙa idon 14. Da tsinken nan, tsinci ido 12 daga sarƙar gefe, ki ƙara ɗaya a lungun da dunduniya ta haɗu da gadon ƙafa. Wannan ɗayan shi ke toshe ramin da ake gani a gefen idon sawun safar da ba a ƙware ba. Saƙa ido 24 da ke jira, tsinci ɗaya a ɗaya lungun, sannan 12 a ɗaya gefen. Jimla 64. Raba na dunduniya bakwai-bakwai, tsinke na ɗaya da na huɗu su ɗauki 20 kowanne, na biyu da na uku 12.

Yanzu ragewa. A tsinke na ɗaya, saura ido uku, haɗe biyu, saƙa ɗaya. Na biyu da na uku ki wuce. A na huɗu, saƙa ɗaya, haɗe biyu ta baya, ki ƙarasa. Zagaye na gaba ba ragi. Ki riƙa yi kina hutawa haka sau takwas, ido ya koma 48. Mai tudun gadon ƙafa, ko tsohuwar da ƙafarta ke kumbura, ki tsaya a 52.

7. Tafi da yatsu

Ci gaba da saƙar gaba har tsawon ya rage santimita 5 ya kai na ƙafar, awo daga bayan dunduniya. Rubuta zagayen. Sai ki fara rage huɗu a zagaye: biyu a gefen babban yatsa, biyu a gefen ƙarami, kina barin ido ɗaya a bakin kowane gefe. Ragi ɗaya, hutu ɗaya, har ido 24, daga nan kowane zagaye har 12.

Hanya mafi sauƙi ta rufewa ita ce ki ƙara rage zuwa 8, ki yanke zare, ki zura shi da allura cikin idon duka sau biyu, ki tsuke. Ga jarirai wannan ya wadatar. Ga babban da zai sa takalmi, tsukewar tana iya damunsa, gara rufi marar tudu. Raba 12 a tsinke biyu, shida gaba shida baya. Sa allura a idon farko na tsinken gaba kamar za ki yi saƙar gaba, ki sauke shi, ki shiga na biyunsa kamar saƙar baya, ki bar shi. A tsinken baya, shiga na farko kamar saƙar baya ki sauke, na biyu kamar saƙar gaba ki bari. Maimaita har su ƙare, kina jan zaren daidai da matsin saƙar. Masu ciwon suga, waɗanda likitoci ke gargaɗi kan duk abin da zai gurje ƙafa, irin wannan rufin ya dace da su, tare da baki mai sauƙin matsi.

8. Ƙafa ta biyu da gamawa

Ɗora ta biyu a ranar da kika gama ta farko, ko da baki kawai za ki yi. Hannu yana canza matsi idan aka daɗe, ƙafa ɗaya ta fito ta fi 'yar'uwarta. Kafin ki fara, ɗora ta farko a sikeli, ki ɗora ragowar zaren. In ragowar bai kai nauyinta ba, tun yanzu za ki san dabarar yi, misali ki warware kan yatsun ta farko ki yi wa duka biyun kai da wani launi.

Juya safar ki ɓoye kowane bakin zare da allura, ki yanke shi gajere. A safar jariri wannan ba ado ba ne, kariya ce: silin zare ɗaya da ke lilo a ciki yana iya naɗe ɗan yatsa ya hana jini gudu, uwa tana ta rarrashi ba ta san abin da ke sa kuka ba. Kada kuma ki ɗinka duwatsun ado ko maɓalli da yaro zai cizge ya kai baki. Wanke da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, matse cikin tawul, shanya a kwance a inuwa. Dutsen guga kada ya taɓa zaren roba, yana kashe shi ya kwanta ya daina komawa. Ki gaya wa mai saye ya nisanta ƙafa da kaskon garwashi idan yana jin ɗumi, domin zaren roba narkewa yake a kan fata.

9. Farashi da kasuwa

Auna safar duka ƙafa biyu. A ce, don misali kawai, kin sayi ƙulli mai giram 40 a kan naira 1,000, kowane giram ya tashi naira 25. Safar babba da ta ci giram 90 ta cinye naira 2,250 a zare kaɗai. Ƙara kuɗin mota zuwa kasuwa, leda, da ladan hannunki. Ladan nan ki yanke shi da kanki tun kafin a taya, domin in kika bari sai an ce "haba Hajiya, safa ce fa", kunya za ta sa ki sallama a faɗuwa.

Lissafin zai nuna miki abin da na daɗe da gani: safar jariri ta fi riba. Ba ta cin giram 20, ana gama ta a zaman hira ɗaya, kuma haihuwa ba ta da lokaci. Haɗa ta da hula launi ɗaya, ta zama kayan barka da mace za ta riƙa ta shiga gidan suna da shi ba kunya. Safar manya kuwa ki yi ta bisa oda, ki karɓi kafin alƙalami da zai biya kuɗin zare, don kada a bar ki da lamba 45 da ba mai sawa.

Ki fara tara kaya tun watan Agusta da Satumba. Sanyi yana shigowa a Nuwamba, ya yi ƙarfi a Disamba da Janairu, zuwa Maris ba mai tambayar safa a Kano ko Sakkwato. Wadda ta fara saƙa ran da ta ga hazo ta makara. In kina da 'yan'uwa a Jos ko a tsaunin Mambila, can ana jin sanyi har cikin damina, kasuwarki ba ta mutuwa gaba ɗaya. Iyayen 'yan makarantar kwana ma ki tuna da su dab da komawa makaranta bayan hutu, sai dai ki tambayi launin da makarantar ta yarda da shi. Hoton da za ki sa a WhatsApp ki ɗauke shi da hasken safe, safar tana a ƙafa ko an cusa mata takarda, domin safar da aka shimfiɗa a gado ba ta nuna kyanta.

10. Tattalin zare

Mai saƙa ba ta wuce zare mai kyau ba ta tsaya ba, na san wannan sarai. Amma zaren da ke kwance a ɗaki jari ne da aka ɗaure. Ƙa'idar da nake bi ita ce, ba na sayen sabon launi sai da oda a hannu ko kuma wanda nake da shi ya kusa ƙarewa. Fari, ruwan madara, shuɗi mai haske, ruwan hoda, toka da baƙi su ne ke tafiya kullum, su kaɗai suka cancanci a saye su da yawa lokacin zafi, sa'ad da ba a rububinsu.

Duba takardar jikin ƙulli, akwai lambar launi, akwai kuma lambar tukunyar rini. Launi ɗaya daga rini biyu yakan bambanta kaɗan, ba ki gani a cikin shago sai kin fito rana. Sayi abin da zai gama aikin a lokaci ɗaya daga rini ɗaya. In dole ta sa kin haɗa, sa ɗaya a baki da dunduniya da yatsu, ɗaya a jiki, bambancin ya zama kamar da gangan.

A littafinki kowane zare ya samu layinsa: ranar saye, shago, kuɗi, nauyi, da ɗan guntunsa a manne da salatif. Duk safar da kika gama ki rubuta giram nawa ta ci, ki cire. Da haka in an kira ki ana son guda shida ruwan toka, kina duba littafi za ki amsa, ba sai kin zazzage ɗaki ba.

Ajiya kuma a bokiti mai murfi, ko bokitin fenti da aka wanke tas, a ɗora a kan benci saboda gara da danshin damina. Raba launuka a leda mai haske. Nisanta shi da madafa da turaren wuta, zare yana riƙe wari, kuma ba kowace uwa ke son ƙamshi a kayan jariri ba. Rana tana kashe launi, ƙurar hunturu tana dafar da fari. Ulu na gaske shi asu ke ci. In kin ga zare yana tsinkewa gutsi-gutsi ko wani abu kamar yashi a ƙasan leda, ware shi, ki ɗaure a baƙar leda ki ajiye a rana mai zafi wuni guda, sannan ki kakkaɓe. Busasshen ganyen darbejiya a ƙulle cikin ƙyalle yana taimakawa. Kafur dai kada ki kusantar da shi ga zaren jarirai ko kaɗan. Sinadarin da ke cikinsa yana iya fasa ƙwayoyin jinin jaririn da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a Najeriya, ya jawo masa shawara mai tsanani, kuma wanki ɗaya ba ya fitar da shi daga zare.

Ragowa kuma ki ware su bisa nauyi. Abin da ya kai giram 20 safar jariri ce. Giram 10 ya isa baki ko dunduniya. Ƙananan ki haɗa su ki yi safa mai ratsi-ratsi ta yara, amma ki raba kowane launi biyu a sikeli tun farko don ƙafafun su yi daidai, kuma kada ki haɗa siriri da mai kauri, ko ulu da roba, a safa ɗaya, wanki zai sa ɗaya ya tsuke ya bar ɗaya.

Idan zare mai kyau ya yi tsada ko ya ɓace a kasuwa, leƙa wurin 'yan gwanjo ki nemi rigar sanyi ta ulu. Juya ta ki duba ɗinkin gefe. In an yanka saƙar an bi ta da keken ofalok, bar ta, guntaye za ta ba ki. In gefunan lafiyayyu ne an haɗa su da ɗinkin sarƙa, saye. Farke ɗinkin, ki warware daga wuya zuwa ƙasa, ki naɗe a bayan kujera, ki ɗaure a wuri huɗu, ki jiƙa a ruwan sanyi da sabulu ba tare da cuɗawa ba, ki rataye a inuwa har lanƙwasar ta saki. Rigar babba guda tana ba da safar manya uku ko fiye. Ki yi mata gwajin mataki na ɗaya kafin ki ɗora, domin kaurinta ba lallai ya zo ɗaya da zaren da kika saba ba, kuma ki gaya wa mai saye cewa zaren warwara ne.